Finlan: Yadda Kasuwar Waje Ta Ɗaga Ƙungiyar Maƙera, Ta Kuma Ɗaure Ta

Masu karatu ba za su manta da watan Maris na 2024 ba. A cikinsa ne, ranar 13 ga wata, gwamnatin Nijeriya ta ba da umarnin buɗe iyakarta da Nijar bayan ta shafe fiye da wata bakwai a garƙame, mutanen Jibiya da Ɗan Isa, da na Illela da Ƙonni, suka fara sa ran ganin manyan motoci sun sake motsawa. To a daidai makon da muke murnar buɗe ƙofa, can arewacin Turai ƙofar wata ƙasa ce ta rufu. Ba soja ne ya rufe ta ba, ba kuma takunkumin maƙwabta ba. Ma'aikatan ƙasar ne da kansu suka sa mata sakata.

Daga ranar Litinin 11 ga Maris ɗin, tashoshin jiragen ruwa na ƙasar Finlan suka yi tsit, ba lodi ba sauke. Jiragen ƙasa na kaya suka tsaya. Da farko an ce mako biyu za a yi, sai aka ƙara, aka sake ƙarawa, har aka cinye mako huɗu cur kafin a koma aiki ranar 8 ga Afrilu. Waɗanda suka ajiye aikin kimanin mutum 7,000 ne kawai, a ƙasa mai mutum miliyan biyar da rabi. Amma da yake fiye da kashi 90 cikin 100 na kayan da ƙasar ke shigarwa da fitarwa ta teku suke bi, sai manyan masana'antun takarda da na ƙarfe suka riƙa rage aiki, wasu suka dakata gaba ɗaya, domin babu amfanin ƙera abin da ba zai fita ba. Duk wanda ya taɓa kwana a gindin motar albasa ko ta tumatir a bayan shingen duwan ya san wannan lissafi.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ba ƙarin albashi suke nema ba. Rigima suke yi da gwamnatin Firayim Minista Petteri Orpo a kan wasu dokoki da ta kawo don rage wa ƙungiyoyin ƙwadago ƙarfi. Cikin waɗanda suka tsaya a gaba akwai Teollisuusliitto, wato Ƙungiyar Ma'aikatan Masana'antu, wadda ke tattare da maƙeran injuna da jiragen ruwa, da ma'aikatan sinadarai, da na katako, da na ɗab'i. Tarihinta muke so mu bi yau, domin a ganinmu tun fil azal ƙarfinta daga bakin iyaka yake fitowa. 'Ya'yanta ne ke ƙera abin da ƙasar ke sayarwa a waje. Wannan ne ya ɗaga ta, kuma da wannan igiyar ce ake ɗaure ta yanzu.

Sunan sabo ne, amma saiwar tsohuwa ce. Uwar ƙungiyar ita ce ta ma'aikatan ƙarfe, wadda 'yan ƙasar ke kira Metalli, da aka kafa a 1899. A lokacin Finlan ba ta cin gashin kanta, yanki ce a ƙarƙashin Sarkin Rasha, kuma a wannan shekarar ce ma Sarki Nikolas na Biyu ya fara ƙwace ɗan 'yancin da take da shi. A shekarar ce kuma aka kafa jam'iyyar ma'aikata a birnin Turku, wadda daga baya ta zama SDP. Ke nan tun daga zanen goyo ƙwadago da siyasa tare suka tashi a wannan ƙasa. Yajin aikin gama-gari na 1905 bai tsaya kan albashi ba, shi ya tilasta aka kafa majalisar dokoki guda a 1906, aka ba kowa damar jefa ƙuri'a har da mata, abin da babu wata ƙasar Turai da ta riga ta yi. A 1907 ƙungiyoyin suka haɗu suka kafa uwar ƙungiya, su ma masu masana'antu suka kafa tasu a shekarar. A Afrilun 1917 maƙeran suka samu aikin awa takwas a rana, kafin shekara ta ƙare aka mai da shi doka, a ranar 6 ga Disamba kuma ƙasar ta ayyana 'yancin kanta.

Daɗin bai je ko'ina ba. A Janairun 1918 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Jajaye, wato ɓangaren ma'aikata, da Farare, wato ɓangaren gwamnati da masu dukiya da manoma masu gona. Cikin 'yan watanni da abin da ya biyo baya an rasa rayuka sama da 36,000 a ƙasar da ba ta wuce mutum miliyan uku da 'yan kai ba, kuma fiye da 10,000 daga ciki a sansanonin fursuna suka mutu da yunwa da cuta bayan an gama harbe-harbe. Farare suka ci. Shekara ashirin da suka biyo baya, mai masana'anta ba ya zama teburi ɗaya da ƙungiya. Wanda aka san bakinsa da kaifi, sunansa ya shiga baƙin littafi, ba zai sake samun aiki ba.

A 1920 masu masana'antun suka kafa wata runduna ta 'yan karya yajin aiki, waɗanda ake kwasa daga ƙauyuka a kai duk inda ma'aikata suka ajiye kayan aiki. Sunan da suka raɗa mata abin dubawa ne: Vientirauha, ma'ana zaman lafiyar kayan fitarwa. Tun wancan zamani sun gane inda gizo ke saƙa. A 1927 wata rigima da ta taso a kamfanin ƙera jiragen ruwa na Turku ta sa masu masana'antun ƙarfe suka kulle ƙofofinsu, suka bar ma'aikata a waje har wajen wata bakwai. A 1930 kuma, da matsin wata ƙungiyar masu tsananin ƙin kwaminisanci da ake kira Lapua, hukuma ta soke uwar ƙungiyar ƙwadago ɗungurungum. 'Yan SDP suka kafa sabuwa mai suna SAK, maƙera suka sake gina tasu daga tushe a ƙarƙashinta.

To me ya canza? Maƙwabci ne ya ƙwanƙwasa ƙofa. A ƙarshen Nuwamban 1939 Tarayyar Sobiyat ta auka wa Finlan, aka yi yaƙin hunturu na kwana 105. Ana tsakiyar yaƙin, ranar 23 ga Janairun 1940, masu masana'antu suka fito suka ce sun amince ƙungiyoyin ƙwadago abokan tattaunawa ne. 'Yan ƙasar suna kiran wannan sanarwa baikon Janairu. Kada mai karatu ya ɗauka soyayya ce ta sa. Ɗan ma'aikacin da aka harbe ubansa a 1918 shi ake so ya riƙe bindiga a cikin ƙanƙara, ƙaninsa kuma ya kwana a masana'anta yana ƙera harsashi. Sai hali ya yi ake sanin kowa da ranarsa.

Ɗaurin auren kuwa sai bayan yaƙi. A yarjejeniyar tsagaita wuta ta 1944 an ɗora wa Finlan diyyar yaƙi ta dala miliyan 300 bisa farashin 1938, kuma Mosko ta ce ba takardar kuɗi take so ba, kaya take so: jiragen ruwa, kawunan jirgin ƙasa, injuna, wayoyin lantarki, har da masana'antu sukutum. Daga baya an rage adadin, an kuma ƙara wa'adi zuwa shekara takwas, amma duk kayan da ya makara akwai tara mai tsanani a kansa. Ƙasar da a da katako da takarda ne abin tinƙahonta, dole ta gina masana'antar ƙarfe cikin gaggawa. Jiragen ruwa sama da 500 aka miƙa. Jirgin ƙasa na ƙarshe ɗauke da kayan diyya ya ƙetare iyaka a Satumban 1952. A cikin waɗannan shekaru maƙeri ya zama mutumin da ba a iya ɓata wa rai, domin in ya ajiye guduma, abin ya tashi daga rigimar kamfani ya koma rigimar ƙasa da ƙasa. A nan ne yarjejeniyar albashi ta bai-ɗaya, wadda aka yi shekaru ana hana su, ta zama ruwan dare.

Da aka gama biyan bashi, wanda ake biya sai ya zama abokin ciniki. Wannan ɓangare ne muke so 'yan kasuwa su tsaya su duba da kyau, domin ciniki ne irin na ba ni gishiri in ba ka manda. Gwamnatocin biyu kan zauna su tsara yarjejeniyar shekara biyar-biyar. Sobiyat ta turo ɗanyen mai, Finlan ta tura jiragen fasa ƙanƙara, da injuna, da tufafi, da takalma, ana rubutawa a littafi guda, ana daidaita lissafi ba tare da an nemi dala ba. Abin daɗin ga ma'aikaci shi ne, duk lokacin da man fetur ya yi tsada a duniya, kamar a 1973 da 1979, sauran ƙasashen Turai na kuka, ita kuwa Finlan sai oda ta ƙaru, tunda dole ta tura ƙarin kaya don ta biya man. A farkon shekarun 1980 kusan rubu'in duk abin da ƙasar ke fitarwa maƙwabcin nan guda yake tafiya.

Cikin gida kuwa ba a zauna lafiya ba. Yajin aikin gama-gari na Maris 1956, wanda ya fara a ranar da Urho Kekkonen ya hau kujerar shugaban ƙasa, ya tsayar da ma'aikata wajen rabin miliyan har kusan mako uku. Sun samu ƙarin marka 12 a awa. Kafin a je ko'ina tsadar kaya ta lashe shi, a 1957 aka karya darajar markar. Daga nan SDP ta dare gida biyu, uwar ƙungiya ma ta dare, ba a sake haɗewa ba sai 1969. A cikin ƙungiyar maƙera kanta, 'yan SDP da 'yan kwaminis sun yi shekaru suna kokawar shugabanci, zaɓenta kuma ya zama tamkar zaɓen ƙasa, domin kowa ya san wanda ya riƙe Metalli ya riƙe maƙogwaron tattalin arziki. Har ta kai a 1975 an kama wani jami'in SDP a filin jirgin saman Suwidin da damin kuɗi da zai shigar gida don yaƙin zaɓen ƙungiyar. Ashe ba a iyakokinmu kaɗai ake kama mai ɗauke da kuɗin da bai bayyana ba.

Amma idan aka tambaye mu ranar da ƙungiyar ta zama giwa, ba za mu nuna wani yajin aiki ba, za mu nuna wata takarda ce ta 1968. Bayan an sake karya darajar marka a 1967, mai shiga tsakani na ƙasa, Keijo Liinamaa, ya zaunar da gwamnati da masu masana'antu da 'yan ƙwadago suka yi ciniki mai ƙafa uku. Ma'aikata suka yarda su sassauta neman ƙari don kayan ƙasar su yi araha a kasuwar waje. Abin da aka ba su a madadi ya fi kuɗi. Aka amince kamfani zai riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye ya miƙa mata, aka kuma amince a riƙa sauke wannan kuɗi daga abin da ake yi wa haraji. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙungiyar 'yan kasuwa, yana bin rumfa-rumfa ranar kasuwa yana jin "ka dawo an jima", ya san darajar kuɗin da ke shigowa da kansa kowane wata.

Ga kuma asusun marasa aiki. A Finlan, kamar Suwidin da Denmak, ƙungiyoyin ƙwadago ne suka saba riƙe asusun da ke biyan mutum wani kaso na albashinsa idan aiki ya ƙare masa, ko da yake mafi yawan kuɗin daga gwamnati da kamfanoni yake fitowa. Saboda haka shiga ƙungiya ya zama kamar zubin adashi da mutum ke yi don ranar wuya. Sannan daga farkon shekarun 1970 doka ta ce yarjejeniyar da ta game mafi yawan ma'aikatan wata sana'a ta hau kan kowane kamfani a sana'ar, ko ya sa hannu ko bai sa ba. Shi ya sa har yau Finlan ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi irin wadda ake ta kai ruwa rana a kanta a Abuja kafin a tsaya kan Naira 70,000 a 2024. Yarjejeniyar ƙungiya ita ce dokar. Da waɗannan abubuwa, yawan ma'aikata 'yan ƙungiya ya tashi daga ƙasa da rabi zuwa kusan kashi 80 cikin 100 a farkon shekarun 1990.

Ba mu ce yajin aiki bai yi rana ba. A 1971 maƙera kimanin 70,000 suka yi watsi da sulhun da Shugaba Kekkonen da kansa ya tsara, suka zauna gida mako bakwai a tsakiyar hunturu. Ƙarin da suka samu bai taka kara ya karya ba, amma daga wannan yaji aka haifi wani abu da kowane ma'aikacin ƙasar ke mora har yanzu, wato kuɗin dawowa daga hutu. Dalilinsa ma na bakin iyaka ne. A waɗannan shekaru dubun dubatar 'yan Finlan ne ke tsallakawa ci-rani Suwidin inda albashi ya fi tsoka, har yawan jama'ar ƙasar ya ragu a 1969 da 1970. Mai masana'anta na tsoron ma'aikaci ya tafi hutu ya zarce, sai aka ce to ga ɗan abu idan ka dawo. Ya fara kaɗan, daga baya ya kai rabin albashin hutu.

Sai ga 1991. Tarayyar Sobiyat ta rushe, littafin ba ni gishiri ya rufe, bankunan Finlan da suka yi ta rabon bashi ba lissafi suka durƙushe. Rashin aikin yi ya tashi daga kashi 3 cikin 100 a 1990 zuwa kusan kashi 17 a 1994. Masana'antun tufafi da takalma da suka dogara da maƙwabci guda suka mutu murus. Gwamnati ta koma ga tsohon maganinta, ta karya darajar marka a Nuwamban 1991, ta sake ta ta nemi farashinta a kasuwa a Satumban 1992. Masu karatunmu da suka ga Janairun 1994, ranar da aka wayi gari sefa ta zube rabi, ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da wannan ke yi wa aljihun mai albashi da kuma abin da yake yi wa mai fitar da kaya. Amma wannan ne karo na ƙarshe. Finlan ta shiga Tarayyar Turai a 1995, ta shiga kuɗin Yuro a 1999, kuɗin nan dai da sefa ke jingine da shi. Tun daga nan babu sauran damar rage albashin kowa a ɓoye ta hanyar karya kuɗi. Idan kayan ƙasar suka yi tsada a waje, dole a dubi ma'aikaci ido da ido a ce masa ya sassauta. Duk rigingimun da suka biyo baya, a ganinmu, daga nan suka samo asali.

Abin da ya jinkirta ranar shi ne wayar da ke aljihunmu. Nokia ta zama babbar mai ƙera wayar hannu a duniya a 1998, a wajen 2000 kuma ita kaɗai ke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kayan da Finlan ke fitarwa. Da aka kawo GSM Nijeriya a 2001, wace rumfar waya ce babu ita? Kamfanin da kansa ya sanar cewa wayarsa ta cikon biliyan ɗaya, ƙirar 1100 mai tocila, a Nijeriya aka sayar da ita a 2005. Ba duka a Finlan ake haɗa su ba, kamfanin na da masana'antu a ƙasashe da dama, amma gidan asali yana garin Salo, inda dubban ma'aikata, da yawansu mata, ke aiki bisa yarjejeniyar da ƙungiyar maƙera ta sa wa hannu. Ke nan ɗan cinikin da muka yi a kasuwannin nan ya taɓa shiga albashinsu. Haka kuma ranar da muka juya ga wayoyin shafa da na Sin masu layi biyu, su ma sun ji a jikinsu. An daina haɗa waya a Salo a 2012, a 2014 kuma aka kammala sayar da sashen wayar ga Microsoft.

Raguwar ayyukan masana'antu ita ta tilasta haɗewar. A 2017 ƙungiyoyi uku, wato Metalli, da TEAM ta ma'aikatan sinadarai da ɗab'i, da ƙungiyar ma'aikatan katako, suka yanke shawarar zama abu guda, sabuwar Teollisuusliitto ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018 da 'ya'ya sama da 200,000. Riku Aalto, wanda ke shugabantar maƙera tun 2008, shi aka ba jagoranci. A takarda girma ne. A zahiri kuwa gidaje uku ne da suka ga mutanensu na raguwa suka rushe katanga suka haɗa tukunya.

Sabuwar ƙungiyar ta gaji wani miki. A 2016 gwamnatin Juha Sipilä ta matsa aka sa hannu kan abin da aka kira yarjejeniyar gasa, wadda ta ƙara wa ma'aikaci awa 24 na aiki a shekara ba tare da ko sisi ba. In an raba, minti shida ne a rana. Ba yawan ne ya yi ciwo ba, a ce mutum ya yi aikin banza ne. A Disamban 2019 ƙungiyar ta yi yajin kwana uku, a Janairun 2020 aka cire awannin, aka ba da ƙarin kashi 3.3 cikin 100 na wajen shekara biyu. Nasara ce, amma masu masana'antu sun riga sun sauya dabara. Uwar ƙungiyarsu ta daina shiga cinikin nan mai ƙafa uku. A Oktoban 2020 kamfanonin katako da takarda suka ce sun bar yarjejeniyar bai-ɗaya, kowane kamfani ya ji da ma'aikatansa. A 2021 masu masana'antun fasaha suka raba gidansu biyu, wanda ke son yarjejeniyar ƙasa ya shiga wannan ɗaki, wanda ba ya so ya tsaya a wancan. Shekara tamanin bayan baikon Janairu, ango ya fara kwashe kayansa.

A wannan hali gwamnatin Orpo ta hau a Yunin 2023. Don adalci, tana da hujjarta. Tattalin arzikin ƙasar kusan a tsaye yake tun rikicin kuɗi na 2008, tsofaffi na ƙaruwa, bashi na hawa. Cinikin Rasha ya sake rushewa bayan mamayar Yukren a 2022, Finlan ta shiga NATO a Afrilun 2023, a ƙarshen shekarar kuma ta rufe duk mashigun iyakarta ta gabas mai tsawon fiye da kilomita 1,300. Garuruwan bakin iyaka da suka saba da masu sayayya daga Rasha suka koma kamar Maigatari ranar da ba kasuwa. Gwamnati ta ce ƙasar da teku kaɗai ya rage mata ba za ta bari mutum 7,000 su riƙa toshe shi ba.

Shi ya sa ba ta ja da baya ba ko taku ɗaya. A Mayun 2024 dokar ta fara aiki: yajin aikin siyasa, wato wanda ake yi don adawa da manufar gwamnati, ba zai wuce awa 24 ba. An taƙaita yajin goyon baya. An ɗaga tarar da ake ci wa ƙungiya, an kuma sa tarar Yuro 200 a kan ma'aikacin da ya ci gaba da yajin da kotu ta haramta. An rage kuɗin marasa aiki. Daga farkon 2025 aka faɗaɗa damar kamfani ya daidaita da ma'aikatansa a cikin gida ko da babu wakilin ƙungiya. Gaskiya ɗaya ce, yajin mako huɗu bai tsayar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya nuna ƙungiyoyin na iya rufe ƙofa, ya kuma ba gwamnati hujjar da take nema ta canza makulli.

Amma dokar da ta fi jan hankalinmu ita ce wadda a fuska take kama da karramawa. Tun da aka daina cinikin ƙafa uku, al'ada ta zama Teollisuusliitto da masu masana'antun fasaha su ne ke fara buɗe ciniki, abin da suka tsayar kuma shi sauran ke bi. Gwamnati ta ɗauki wannan al'ada ta ba ta gindin zama a dokar sulhu, inda aka umarci mai shiga tsakani ya riƙa duba maslahar tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, abin da kowa ya fahimta da cewa kada ya ba wani abin da ya zarce na masu fitar da kaya. Kamar dai a ce farashin da babban dillali ya yanke da safe shi ne farashin kasuwa har magariba. Ma'aikatan jinya da malaman makaranta, waɗanda yawancinsu mata ne kuma suke ganin an daɗe ana tauye su, suka ce an yi musu rufi a ka. Ita kuma ƙungiyar masana'antu ba ta yi murna ba, kuma tana da dalili. Idan kowane kobo da ka samu za a ninka shi a kan ma'aikatan ƙasa duka, to wanda kuke ciniki da shi ba shi kaɗai yake ba, baitulmali da duk masu ɗaukar ma'aikata suna tsaye a bayansa suna cewa kada ka saki.

An ga haka a zagayen da ya biyo. A ƙarshen 2024 ƙungiyar ta nemi ƙarin kashi 10 cikin 100 a shekara biyu, tana cewa tsadar kayan 2022 da 2023 ta cinye albashi. Aka yi ta yaji na 'yan kwanaki daga Disamba zuwa Fabrairu. A ƙarshen Fabrairun 2025 aka tsaya kan kashi 7.8 a shekara uku, sauran sana'o'i kuma suka bi sahu kusan a kan wannan adadi.

Inda muke ganin haɗarin ya fi girma ba a teburin ciniki yake ba, a littafin rajista yake. Tun farkon shekarun 1990 aka buɗe wani asusun marasa aiki mai zaman kansa, YTK, wanda mutum zai shiga da kuɗi kaɗan ba tare da ya zama ɗan kowace ƙungiya ba, kuma ya zama mafi girma a ƙasar. Matashi ya duba ya ga yarjejeniyar albashi za ta hau kansa ko ya biya ko bai biya ba, asusu kuma ga mai araha, to me zai kai shi? Yawan 'yan ƙungiya ya sauko zuwa wajen kashi 55 cikin 100 a 2021. Nan laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne. Ƙungiyar da ta yi shekara hamsin kuɗi na zuwa mata har gida ta manta yadda ake bin mutum rumfarsa a shawo kansa, ga kuma baƙin ma'aikata daga Estoniya da Yukren da ƙasashen Asiya da suka cika wuraren ƙera jirage da gonaki, waɗanda tarihin 1918 ko na 1971 bai dame su ba.

A 2025, shekarar da rashin aikin yi ya kai wajen kashi 10 cikin 100, gwamnatin ta taɓa takardar Liinamaa kanta, ta yanke shawarar soke rangwamen haraji a kan kuɗin ƙungiya daga 2026. Wanda a da hukuma ke ɗauke masa wani ɓangare na zubinsa, yanzu shi zai biya duka daga aljihunsa, ya kuma yanke wa kansa hukunci ko abin ya cancanta. Zaɓen majalisar dokoki na gaba an tsara shi ne a Afrilun 2027, kafin yarjejeniyar kashi 7.8 ta ƙare, kuma SDP, jam'iyyar da aka haifa shekara ɗaya da ƙungiyar maƙera, ita ce babbar 'yar adawa da ke neman kujerar Orpo.